Wa ya kamata ya karanci gigin tsufa ta intanet a Maraɗi?

Duk wanda ya ce a kashe kuɗi kan karatun kula da masu gigin tsufa a Nijar, abin da zai fara samu a fada dariya ce, kuma masu dariyar suna da hujja. Ƙasa ce da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su wuce 3 cikin 100 ba. A nan jahar Maraɗi, da damina ta kankama gadajen yara ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wanda ya ga yunwar shekarar 2005 da idonsa ba sai an ba shi labari ba. To cikin wannan hali wani ya zo yana maganar digiri a kan tsohuwar da ta manta sunan jikanta? Sai a ce masa ƙoshi ne ke damunsa.

Ni ina cikin masu cewa a yi karatun, kuma a yi shi ta intanet ɗin, tunda ita ce ƙofar da ke buɗe mana. Sai dai ba kowa nake so ya yi shi ba, ba kuma da burin da masu talla ke cusa wa yaranmu a Facebook ba. Wanda ya dace da shi ma'aikacin jinya ne da ke bakin aiki, da malamin da ke horar da ma'aikatan jinya. Hukuma ce ya kamata ta biya, bisa sharaɗin abin da aka karanto ya koma Hausa, ya shiga tsakar gida. In an rasa wannan, to an sayi takardar rataya a bango, ko tikitin jirgi.

Ƙidayar da masu dariya ke jingina da ita tana da wata fuskar. Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960, matsakaicin tsawon ran ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, jahar Maraɗi kaɗai tana da wajen miliyan 3 da dubu 400. Yanzu ƙasar ta wuce miliyan 25. Kashi 2 ko 3 cikin 100 na wannan adadi tsofaffi ne rabin miliyan ko fiye, kuma kowace shekara ƙaruwa suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo a duniya sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, fiye da 60 cikin 100 nasu kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ashe ciwon da muke ɗauka na Turawa ne ya fi yawa a gidajen talakawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma horar da malamin da zai horar da wasu ba aikin shekara guda ba ne.

Abin da karatun ke fara gyara wa mutum shi ne zaton cewa tsufa da kansa ke kawo ruɗewa. Kowace unguwa tana da dattijon da ya doshi 90 amma zai jero maka sarakunan Katsinar Maraɗi tun daga Ɗan Kasawa bai yi tuntuɓe ba. Wanda ya ruɗe kuwa ciwo ne ya kama ƙwaƙwalwarsa, ƙwayoyinta na mutuwa a hankali, tana motsewa. Likitan Jamus Alois Alzheimer ne ya bayyana nau'in da ya fi yawa a 1906, bayan ya bincika ƙwaƙwalwar wata mata mai suna Auguste Deter, wadda ta rasu tana da shekara 55 kacal. Wannan nau'in ke da 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Akwai kuma wanda ke biyo bayan toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a kai, ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki, kuma shi ya fi tsorata ni, ganin yadda hawan jini ke yawo a garin nan ba a auna shi ba sai mutum ya faɗi.

Akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, Allah ya jiƙanta, wadda da rana lafiya lau take zaune bisa tabarma. Da la'asar ta yi sanyi sai ta tashi ta tattara zannuwanta, ta ƙulle su a ɗankwali, ta ɗora a ka ta nufi zaure. Matar ɗanta ta sha gabanta: «Inna, ina zuwa? Nan ne fa gidanki.» Ita kuma ta dube ta sama da ƙasa ta ce, «Ke ɗiyar wa ce? Kauce mini, Baba na jirana, dare ya yi.» Gidan da take nufi yana tsohon gari, can cikin kwarin gulbi, wanda ambaliyar 1945 ta rusa har aka hau tudu aka kafa inda muke yanzu. Tana ƙaramar yarinya aka yi wannan ƙaura, amma a kanta gidan na nan, babanta na zaune a ƙofa. Sai a ce mata, «Inna, Baba ai ya rasu tun kafin mulkin Kunce.» Ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata gaisuwar mutuwa, domin a wurinta yanzun ne ta ji. Gobe a maimaita. Daga ƙarshe aka sa kwaɗo a ƙofa, ta riƙa dukan ƙyaure har maƙwabta suka fara cewa ta haukace, wasu a ɓoye suna ambaton iskoki.

Babu mugu ko guda a gidan nan. Matar ɗan ta rame a kan tsohuwar fiye da yadda ta rame a kan goyonta. Abin da ta rasa ɗan ilimi ne da ba ya cin awa guda a koya shi: cewa rikicewar magariba sanannen hali ne na ciwon, cewa gardama da mai shi ba ta dawo da hankali sai dai ta ƙara firgici, cewa a kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a ba ta abin da hannunta ya saba, tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa. In ta ce Baba na jira, a zauna kusa da ita a ce, «Inna, wane irin mutum ne Baba? Me yake nomawa?» Sau da yawa labarin kan ɗauke ta har ƙullin kayan ya sauka da kansa. In ta matsa, a raka ta a zaga layi a dawo. Ga masu tsoron faɗa wa uwa ƙarya, a nan ba a yi ƙarya ba, tambaya aka yi. Wannan salon, na duban mutumin kafin duban ciwon, Tom Kitwood ne ya yi fice da shi a jami'ar Bradford ta Ingila a shekarun 1990, kuma shi ne ƙashin bayan yawancin darussan da ake sayarwa ta intanet yanzu.

Wani abin da ya fi wannan tsada shi ne iya bambance ruɗewar da ta shigo a hankali cikin shekaru da wadda ta faɗo cikin kwana biyu. Tsohon da shekaranjiya yake lissafin buhunan wakensa, yau bai san inda yake ba, ba gigin tsufa ba ne sai an tabbatar. Zazzaɓi na iya kawo haka, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar sukari, ko ƙarancin ruwa a jiki cikin zafin watan Afrilu, ko wani magani da aka ba shi. Duk waɗannan ana warkar da su, wasu ma da ƙarin ruwa da ƙwayoyin kwana kaɗan. Mutum nawa aka ce «tsufa ne, a bar shi da Allah», alhali da an gwada jininsa da ya tashi? Haka nan baƙin ciki mai tsanani, da ƙarancin bitamin B12, da ciwon maƙoƙo, kowanne na iya kama da gigi. Ma'aikacin jinya da ya san wannan a gidan likitan ƙauye ya riga ya biya kuɗin karatunsa.

Shi ne kuma zai hana a riƙa ɗura wa tsofaffi maganin barci. Kowa ya san yadda ake sayen diyazefam a hannun masu talla a faranti, a jefa a kunu don gida ya samu barci. Tsohon ya tashi yana layi, ya faɗi, ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya da gyambon baya. Magungunan taɓin hankali ma, tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Maganin warkewa dai babu. Irin su donepezil da memantine ɗan sassauci suke kawowa na wani lokaci. Sabon da Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, kuɗinsa dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wajen sefa miliyan 15, ana ƙara shi ta jijiya duk mako biyu, ana bin sa da hoton ƙwaƙwalwa, kuma jinkirta ciwon kawai yake yi. Wannan ba zancenmu ba ne. Abin da ya rage mana kulawa ce, ita kuwa ana koyonta.

Ɗiyar ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan likita a wajen gari. Ita ta miƙo mini waya wata rana ta ce, «Kawu, dubi wannan, digiri ne daga waje, ina gida zan yi shi. Ka taimaka mini da na rajista.» Ban ce mata a'a ba, na ce mu zauna mu bincika tukuna. Makarantun ƙwarai suna nan. Jami'ar Tasmaniya a Ostareliya tana da digirin farko a kan kula da masu wannan ciwo wanda ake yi kaf ta intanet, kuma tun 2013 cibiyarta ta Wicking ke ba da wani gajeren kwas kyauta ga kowa a duniya. Jami'ar Stirling a Sikotilan ta buɗe cibiyarta tun 1989, tana ba da digiri na biyu daga nesa, Bradford ma haka. Ba ƴan damfara ba ne waɗannan. Amma a gefensu akwai tarin shaguna masu sunan jami'a, da tambari mai kyau da hoton Bature sanye da hular kammala karatu, waɗanda ba wata hukuma da ta san da zamansu. Kafin a tura ko dala, a tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai ko za ta daidaita takardar, a duba kuma ko CAMES, majalisar da ke Wagadugu mai tantance takardun jami'o'in ƙasashenmu, ta san da ita.

Ko makarantar ta gaskiya ce, lissafin na da nauyi. Digiri na biyu a Birtaniya dubban fam ne, fam guda kuwa ya haura sefa 700, ka ga ana maganar miliyoyi a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata. Karatun da Ingilishi ake yi, yaranmu kuwa da Faransanci suka tashi tun daga lakwal, ko da yake kusancinmu da Katsina ya sa wasu na ɗan taɓawa. Ga wuta. Wanda ya zauna garin nan daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki bayan juyin mulki, har zuwa ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ya san abin da ake nufi da darasin bidiyo da waya mai caji kashi 8. Waɗannan duka ana iya shawo kansu da faranti mai hasken rana da haƙuri. Wanda ba a shawo kansa da haƙuri shi ne tambayar da na yi mata: in kin gama, wace kujera ce ke jiran ki? Wa zai ƙara miki ko jika guda a albashi don kin san gigin tsufa?

Ta yi shiru, sannan ta ce, «Kawu, ai a waje ana neman masu kula da tsofaffi.» To ga gaskiyar magana ta fito. Ban ga laifinta ba, kowa na neman inda zai ci abinci, kuma ƙasashen Turai da gaske suna ƙarancin masu wannan aiki. Amma a daina ce mana irin wannan karatun taimakon tsofaffin Maraɗi ne. Iyali su sayar da gona ko shanu, yarinya ta karanta, ta je ta kula da kakar wani a Manchesta, tata kakar na dukan ƙyaure a Bagalam. Shi ya sa nake cewa kuɗin ya fito daga hukuma ko masu hannu da shuni, tare da yarjejeniyar shekarun aiki a gida da matsayin da za a ba mutum in ya gama. Alhazan garin nan sun gina masallatai da makarantu ba adadi. Ɗaukar nauyin ma'aikatan jinya biyar ko goma bai kai kuɗin bene guda ba, kuma su ma tsufa na tafe.

Sai babbar matsalar, wadda ta sa ban yarda a ɗauko karatun a shanye shi yadda ya zo ba. An ɗinka shi ne a jikin wasu mutane, dole a kai shi wurin tela kafin ya shige mu. Darussan na ɗauka akwai gidajen ajiye tsofaffi, da ma'aikata masu karɓa-karɓa, da fansho, da likitan ƙwaƙwalwa da za a tura mutum wurinsa mako mai zuwa. A wurinmu mai kulawar matar ɗa ce, ko ɗiyar da aurenta ya mutu, ko jikanyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da Kaka. Mazan sun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya, ko haƙar zinariya a arewa, suna aiko da kuɗi in an samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ke ɗauke da 70 cikin 100 na awannin wannan jinya a duniya. A Maraɗi ba sai an yi bincike ba, a leƙa gida uku.

Dubi gwajin da ake koya wa ɗalibai. Mafi shahara, wanda aka fitar a 1975, mai maki 30, yana tambayar kwanan wata da shekara, a ce mutum ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Wani gwajin kuma a ce ya zana agogo. Ka ɗauki wannan ka kai wa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, wadda lokacinta azahar ne da la'asar, shekarunta kuma «shekarar El Buhari» da «shekarar da aka naɗa sarki». Za ta faɗi warwas, a rubuta mata ciwon da ba ta da shi. Alhali matar nan ta yi shekara 40 tana sayar da ƙuli-ƙuli, kuma in ka ce mata tiya uku ta gero a kan dala kaza, an ba ki jika biyu, nawa ne canji, kafin ka rufe baki ta faɗa. Ranar da ta kasa wannan lissafin, ko ta manta cewa Litinin da Juma'a ne kasuwa ke ci, ranar ce ya kamata hankalin ƴaƴanta ya tashi. Masu bincike a gundumar Hai ta Tanzaniya sun gane haka, suka ƙirƙiro gwajin IDEA, wanda aka jarraba a Najeriya ma: sunan mai gari, wace rana ce yau, dabbobi nawa za ka ambata cikin minti guda, jera tsinken ashana yadda aka nuna maka. Irin wannan ne ya kamata ɗalibinmu ya nemo, ya gyara shi daidai da bakin mutanenmu.

Akwai kuma abubuwan da ba malamin Tasmaniya da zai taɓo su, don bai san da su ba. Wa zai yi wa Alhaji wanka in ya kai ga ɓata tufafinsa? Matar ɗansa da ko sunansa ba ta faɗa, ba ta cin abinci a gabansa? Kunya ta hana, kuma daidai ne ta hana. In matansa sun tsufa ko sun riga shi, aikin ɗa namiji ne, kuma mazanmu ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada bayansa ya ɓalle, ko yadda ake zaunar da shi a ba shi kunu mai kauri a hankali don kada ya sarƙe ya shiga huhu. Wannan ma ba a koyonsa a fuskar waya ko da wane yare ne. Sai an kama hannunka an nuna maka a kan mutum. Don haka duk wanda ke karatun nesa, dole a haɗa shi da aikin hannu a asibiti, ƙarƙashin idon wanda ya iya.

Ga salla da azumi. Tsohuwa ta yi azahar sau huɗu, ko ta sallame a raka'a guda, jikoki na dariya, wani ɗan na tsawa wai tana wasa da addini. Dattijo mai ciwon sukari ya manta ana azumi ya sha ruwa, a hana shi, ko ya manta ya yi buɗa-baki ya ce an bar shi da yunwa. Malamanmu na da amsar tun tuni. Alƙur'ani ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har bai san komai ba bayan ya sani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, hadisi kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Abin da ya rage shi ne a haɗa malamin da ma'aikacin jinya su zauna, don liman ya san cewa abin da ake kawo masa a matsayin sammu ko shafar aljanu wani lokaci ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba mai hana addu'a ko rubutun sha. Abin da za a hana shi ne duka, da turara hayaƙi a ɗaki rufe, da mari a ƙafar mutumin da ya haife ka. A arewacin Gana akwai sansanin Gambaga, a Wagadugu akwai cibiyar Delwende, inda tsofaffin matan da aka kora da sunan maita ke fakewa. Mu ba mu kai can ba, alhamdu lillahi, amma kalmar «mayya» na fita a bakin yara idan tsohuwa ta ɓata hanya tana surutai, kuma yara ba su ƙirƙiro ta da kansu ba.

Batun dukiya kuwa ya fi kowanne zafi a garin ƴan kasuwa. Alamun farko a wurin attajiri sukan fito ne a lissafi: ya biya bashi sau biyu, ya sayar da fili ya manta, ya ɓoye kuɗi ƙarƙashin katifa ya ce amarya ta sace. Na ga auren da irin wannan zargi ya kashe, aka gano kuɗin bayan wata biyu cikin aljihun tsohuwar riga. Wasu ƴaƴan kuma da sun lura sai su yi rige-rigen kai masa takarda ya sa hannu. Shari'a ta tanadi a naɗa wa irin wannan mutum waliyyi mai tsare dukiyarsa, amma alƙali na bukatar wanda zai shaida masa da ilimi cewa hankalin ya taɓu, da kuma tun yaushe. Wannan kaɗai ya isa dalilin a samu ƙwararru kaɗan a jahar, kada komai sai an yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai.

Masu cewa a fara da yara tukuna, ina ganin sun ɗauka gasa ake tsakanin jariri da kakarsa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan 45 cikin 100 na ciwon. Na farko a jerin ƙarancin karatu ne tun ƙuruciya. Sauran sun haɗa da hawan jini, da sukari, da taba, da raunin ji, da raunin gani da ba a yi wa magani ba, da buguwar kai, da gurɓatacciyar iska, da kaɗaici. Wato yarinyar da aka bari ta gama makaranta, da ɗan kabu-kabun da ya sa hular kwano, da tsohon da aka cire wa yanar ido, da matar da aka auna wa jini aka ce ta rage gishiri da dunƙulen miya, duk rigakafin gigin tsufa ake yi musu. Ma'aikaciyar jinya guda ce ke awon ciki da safe, ta yi wa yara allura, ta kuma ga kakar da ta rako su. Ba sabon asibiti ake nema ba, ita ɗin ce za a ƙara wa ido.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da tsangayar kimiyyar lafiya a nan cikin gari, ga makarantun horar da ma'aikatan jinya. Daga cikin malamansu ya kamata a zaɓi waɗanda za su yi dogon karatun, su dawo su sa shi cikin manhajar kowane ɗalibi. Sauran ma'aikata gajeren horo ya ishe su. Hukumar Lafiya ta Duniya na da jagorar mhGAP da aka rubuta musamman don wanda ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba, da babi guda a kan wannan ciwo, kuma akwai ta da Faransanci. Tana kuma da iSupport, darussa kashi biyar don ƴan'uwa masu jinya a gida, har da kashin da ke koya wa mai jinyar yadda za ta kula da kanta, kuma an yi shi ne don kowace ƙasa ta juya shi zuwa harshenta. Kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka kafa a Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To ga wurin gwada wannan magana. A juya darussan zuwa Hausar da ake yi a Mokoyo da Tibiri, a murya ba a takarda ba, tunda yawancin masu jinyar ba sa karatun boko amma kowace na sauraron saƙon WhatsApp da rediyo. A kai su makarantun Islamiyya na matan aure, a kai su wa'azin bayan asuba don maza su ji nasu rabon.

Ɗiyar ƙanwata dai na ce ta fara da na kyautar nan na Tasmaniya, ta ga ko Ingilishinta da cajin wayarta za su ɗauka, kafin a taɓa kuɗin kowa. In ta wuce nan, kuma aka samu mai ɗaukar nauyi, sharaɗina guda ne: kundin kammalawarta ya zama a kan gidajen Maraɗi. A 1992 Farfesa Adesola Ogunniyi da abokan aikinsa na Ibadan suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Indiyanapolis, suka bi tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka shekara da shekaru da gwaji iri guda. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na Amurka ba, kuma har yau ana tattauna dalili, ko abinci ne, ko lafiyar jijiyoyin jini, ko zaman gandu da ba ya barin tsoho shi kaɗai. Irin wannan tambayar tana nan tana jiran mai yi a Madarumfa da Gidan Rumji da Tasawa: mutum nawa ne ke da ciwon, wa ke jinyarsu, me ake ba su, nawa gida ke kashewa, jikoki mata nawa suka bar aji saboda shi. Ranar da aka ajiye waɗannan alƙaluma a teburin ministan lafiya ne za a fara maganar kasafi da kujerar aiki.